Ciwon Mara Lokacin Al'ada a Tsakanin Ɗaliban Jami'a

Ciwon mara lokacin al'ada shi ne murɗawar da mace ke ji a ƙasan cibiya gab da zuwan jinin haila ko a kwanakinsa na farko. Yakan sauka zuwa ƙugu da cinyoyi, wani lokaci ya zo da tashin zuciya, amai, gudawa, ciwon kai ko jiri. Ya fi yawa ga 'yan mata da matan da ba su kai shekara 30 ba, wato daidai shekarun da ake zaman jami'a. Wani nazari da aka wallafa a 2019, wanda ya tattara bincike 38 kan matasan mata 21,573 daga ƙasashe daban-daban, ya gano kusan kashi 71 cikin ɗari suna fama da shi. Kimanin ɗaya cikin biyar ta taɓa fashin makaranta saboda shi, kusan kashi 41 kuma sun ce yana rage musu natsuwa ko ƙoƙari a aji.

Abin da ke haddasa shi

Likitoci sun raba shi gida biyu. Na farko shi ne wanda ba wata cuta a mahaifa. Yakan fara cikin shekara ɗaya ko biyu bayan yarinya ta fara al'ada, lokacin da jikinta ya soma fitar da ƙwai a kai a kai. Idan wata ya zagayo ba a samu ciki ba, sinadarin furojestaron, wanda ke riƙe shimfiɗar mahaifa, yana raguwa, shimfiɗar cikin mahaifa ta fara zubewa, ta saki wani sinadari da ake kira furostagilandin. Shi ke sa mahaifa matsewa don ta fitar da jinin. Idan ya yi yawa sai matsewar ta yi tsanani, jijiyoyin jini su tsuke, naman mahaifa ya rasa isasshiyar iska na ɗan lokaci, daga nan zafin ke tasowa. Sinadarin na taɓa hanji ma, shi ya sa gudawa da amai ke biyo baya. Irin wannan ciwo yakan lafa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Ya fi kama wadda ta fara al'ada da wuri, da mai zubar da jini da yawa, da mai shan taba, da wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ke yi.

Na biyu kuwa alama ce ta wata cuta: ƙari a mahaifa, ciwon sanyi da ya hau zuwa mahaifa da bututun ƙwai, ko endometiriyosis, wato tsirowar nama mai kama da shimfiɗar mahaifa a wajenta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ta ƙarshe na damun kusan kashi 10 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa, kimanin miliyan 190. Mata da yawa sukan yi shekaru da ita ba a gano ba, domin an saba ce musu haƙuri za su yi, haka kowace mace take.

A zaman makaranta

Lakca da gwaji da jarrabawa ba sa jiran kowa. Jami'o'i da dama na shar'anta halartar kashi 75 cikin ɗari na darussa kafin ɗalibi ya zauna jarrabawa, don haka wadda ke kwanciya kwana biyu duk wata tana iya shiga matsala ba don lalaci ba. Ga kunya: ɗaliba ta gwammace ta ce wa malami zazzaɓi take yi da ta ambaci ainihin abin. A ɗakin kwanan ɗalibai kuma, inda ruwa da wuta ba su da tabbas, ko ruwan zafin gasa mara sai an sha wahala.

Mafi yawa ba sa zuwa asibitin makaranta. Kemis ake zuwa, ko a karɓi ƙwaya a hannun ƙawa. A nan haɗarin yake. Wasu na haɗa ibuprofen da diclofenac da piroxicam a sha ɗaya, alhali duk dangi ɗaya ne. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya jawo gyambon ciki ko ya taɓa ƙoda. Wasu har tramadol suke kaiwa, wanda ke sa jaraba.

A wasu wurare an fara sassautawa. A Janairun 2023 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Cochin da ke jihar Kerala ta Indiya ta rage wa ɗalibai mata kashi 2 daga adadin halartar da ake buƙata, sannan gwamnatin jihar ta faɗaɗa tsarin zuwa sauran jami'o'inta. A fagen aiki kuwa Japan na da hutun al'ada a doka tun 1947, Sifaniya ta bi sahu a 2023.

Magani

Magungunan da ke hana jiki sarrafa furostagilandin, irin su ibuprofen, naproxen da mefenamic acid, su ne na farko. Sun fi aiki idan aka fara sha da zarar an ji alamar ciwon ko jini ya ɓullo, a ci gaba kwana biyu zuwa uku, guda ɗaya kawai daga cikinsu, kuma bayan an ci abinci. Mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko asma sai ta tuntuɓi likita tukuna. Farasitamol bai kai su ƙarfi ba. Ɗora gorar ruwan ɗumi a mara na taimakawa sosai, haka motsa jiki a kai a kai, kuma akwai binciken da ya nuna citta na rage zafin. Idan abin ya ƙi ci, likita kan rubuta ƙwayoyin tazarar haihuwa, ko da mace ba ta da aure, domin suna hana fitar ƙwai suna rage kaurin shimfiɗar mahaifa.

Maganar da ake yi cewa aure ne maganinsa tana da ɗan tushe, amma ba auren ba ne: ƙaruwar shekaru da haihuwa ne ke sa ya ragu ga mata da yawa, wasu kuma ya bi su har gidan miji. Ya kamata a ga likitan mata idan ciwon na ƙaruwa wata bayan wata, ko ya wuce kwanakin jini, ko ya zo da zazzaɓi, ruwa mai wari ko zubar jini mai yawa, ko kuma an yi wata uku ana shan magani bisa ƙa'ida ba sauƙi. A nan akan yi hoton mara da gwajin ƙwayoyin cuta don gano abin da ke ƙasa.