Naɗar Murya a Gida

Naɗar murya a gida ita ce ɗaukar magana, karatu ko waƙa da wayar hannu ko kwamfuta a ɗakin mutum, sannan a tace ta har ta fito tas kamar wadda aka yi a situdiyo. A ƙauyukan Kano da Jigawa, masu wannan aiki sun haɗa da malamai masu naɗar karatun littafi, sha'irai, masu karanta littattafan Hausa don masu sauraro, malaman gona da ma'aikatan lafiya masu aika saƙon wayar da kai, da wakilan gidajen rediyo masu aiko rahoto daga ƙananan hukumomi.

Asali

Kaset ɗin da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963 shi ne ya fara sa naɗar murya a hannun talaka. Da rikoda mai batir aka riƙa ɗaukar wa'azi da tafsiri da waƙoƙin biki ana sayarwa a kasuwanni. Bayan shigowar wayar salula Najeriya a 2001, sannu a hankali katin memori ya maye gurbin kaset, sai WhatsApp ya zo ya sa murya tana isa ko'ina nan take. Buɗe Freedom Radio a Kano a 2003 da tashoshin FM masu zaman kansu da suka biyo baya ya ƙara buƙatar muryoyi daga karkara.

Ɗaki

Mafi yawan masu farawa kan zaci matsalarsu rashin makirufo mai tsada ce, alhali ɗakin da ake magana a ciki ya fi komai tasiri. Murya idan ta fita daga baki tana dukan bango da rufi da daɓe ta dawo, makirufo kuma ya kwashi ta asalin da wadda ta dawo a tare. Wannan amsa-kuwwa ita ke sa a ji mutum kamar daga cikin rijiya yake magana, kuma ita ce aibin da ya fi wuyar gyarawa bayan an gama ɗauka.

A nan mutumin ƙauye yana da wata falala da bai cika lura da ita ba. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana tare ƙarar waje, kuma yaɓensa marar santsi ba ya maido da sauti yadda filastar siminti ke yi. Ɗakin bulo mai rufin kwano, ba silin, ba kaya, shi ne mafi muni: yana amsawa, da rana kwanon na ƙara saboda zafi, da damina kuwa ko yayyafi aka yi aiki ya tsaya. Wanda ba shi da wani ɗakin sai wannan, sai ya cika shi da kaya masu laushi. A shimfiɗa tabarma ko darduma, a jingina katifa a bangon da ke bayan mai magana, a rataya bargo a taga da ƙofa. Ɗakin da aka jera buhunan gero ko tufafi ya fi falo mai tayil nesa ba kusa ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a tsaya tsakiyar ɗaki a tafa sau ɗaya. In tafin ya mutu nan take, ɗakin ya yi. In ya bar wata 'yar ƙara a baya, a ƙara kaya. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya hana hayaniya shigowa.

Lokaci da wuta

Kowane gari da jadawalin hayaniyarsa: carar zakara, injin niƙa da hantsi, babura, janareta da magariba, kukan kwaɗi da gyare a daren damina. Mai naɗi yakan nazarci unguwarsa ya zaɓi lokacin da ta fi yin tsit, ya kuma kauce wa lokutan kiran salla. Fanka dole a kashe ta ko da a bazara ne, gara a yi ɗauka gajere-gajere ana hutawa. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa waya ko kwamfutar da ke jone a caji, musamman da caja marar kyau, kan shigar da wani gurnani a ƙarƙashin murya. Maganinsa a cire cajin a yi aiki da batir. A kuma kashe layin waya don kada kira ya katse ɗauka.

Makirufo da tazara

Makirufon da ke cikin wayoyin yanzu ya isa a fara da shi. Mataki na gaba shi ne ƙaramin nan da ake maƙalawa a wuyan riga, wanda ake samu a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Manyan makirufo iri biyu ne. Danamik ya fi jure ƙura da faɗuwa, kuma ba ya kwasar ƙananan sautukan ɗaki sosai. Kondensa ya fi jin murya dalla-dalla, amma irin na situdiyo yana buƙatar wutar bolt 48 daga wata na'ura, kuma har kukan akuyar maƙwabta zai ɗauka. Ga gidan karkara danamik ya fi dacewa.

Tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakanin baki da makirufo ita ce aka fi so. Duk lokacin da aka rage tazara da rabi, ƙarfin muryar da ke isa makirufo yana ƙaruwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), hayaniyar ɗaki kuma tana nan yadda take. Sai dai kusanci na jawo bugun iska a haruffa irin su f, b da t. Ana magance shi da karkatar da makirufo gefen baki kaɗan, ko a lanƙwasa ƙarfe a yi zobe a ɗaura masa siririn yadi a sa a tsakani. Wayar ma a kafa ta a kan wani abu mai laushi, don motsin yatsu yana shiga.

A wajen saiti, awon 44,100 a daƙiƙa, wato yawan sau nawa na'ura ke auna sautin, ya wadatar ga sauti zalla, 48,000 kuma ga wanda za a haɗa da bidiyo. Ƙololuwar murya ta tsaya tsakanin desibel 12 zuwa 6 ƙasa da sifili, wanda shi ne ƙarshen ma'aunin da manhajar ɗauka ke nunawa. In ta kai sifili sautin ya fashe, kuma ba ya gyaruwa yadda ya kamata.

Tacewa

Manhajar da ta fi shahara ita ce Audacity, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka ƙirƙira a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, aka fitar da ita a 2000. Kyauta ce, amma ta kwamfuta ce. A waya ana amfani da irin su Lexis Audio Editor. Ana fara da yanke tuntuɓen harshe da tari, sai rage hayaniya. Audacity na buƙatar a nuna mata samfurin hayaniyar, don haka ake barin daƙiƙa 5 zuwa 10 na shiru a farkon ɗauka. Daga nan a zubar da sauti mai kauri da ke ƙasa da hez 80 (hez shi ne ma'aunin kauri ko sirantakar sauti), inda gurnanin wuta yake, a daidaita tsakanin inda murya ta yi sama da inda ta yi ƙasa, a ƙarshe a ɗaga ƙarfin duka.

Hausa na son a tace ta da hannu mai sauƙi. Ma'ana tana rataye a kan tsawon wasali da karin sauti, kuma ƙ da ts da ɗ da ɓ suna da kaifin da rage hayaniya fiye da kima ke dusashewa. Na'urar da ke yanke shiru da kanta takan cinye ƙarshen kalma. Ga karatun Alƙur'ani abin ya fi tsanani, domin yanka a kan madda ko waƙafi na iya ɓata tilawar. Numfashi ma ba a share shi duka, in ba haka ba magana ta zama ba rai.

Ajiya da aikawa

Ana ajiye asalin aiki a tsarin WAV, wanda minti ɗaya na murya a layi guda, wato ba a raba ta dama da hagu ba, ke cin kusan megabait 5. Kwafin rabawa ake mayarwa MP3, inda saitin kilobit 64 zuwa 96 a daƙiƙa ya isa ga magana, minti ɗaya bai kai megabait guda ba, abin da ke da muhimmanci inda sabis ba shi da ƙarfi. Saƙon murya na WhatsApp yana matse sauti, don haka wanda zai aika wa gidan rediyo ya tura fayil ɗin a matsayin takarda, wato ta zaɓin "Document". Kafin a saki aiki, a saurare shi da abin kunne, a sake sauraronsa a lasifikar ƙaramar waya, tunda a nan yawancin mutanen karkara za su ji shi. Asalin kuma a kwafe shi a wuri biyu, domin katin memori na jabu ya yi yawa a kasuwa kuma yakan lalace ba zato.