Dokar da ta Kafa USGS: Masu Awo Daban, Masu Yanke Hukunci Daban

Duk lokacin da aka yi girgizar ƙasa a wani sashe na duniya, gidajen rediyo kan ce "hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ce ƙarfinta ya kai maki kaza". Wannan hukuma ita ce USGS, kuma tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Amurka, da hedikwata a garin Reston na jihar Bajiniya. Aikinta ya haɗa duwatsu da ma'adinai, ruwan koguna da na ƙarƙashin ƙasa, girgizar ƙasa da aman wutar duwatsu, har da tsuntsaye da namun daji. Sai dai duk faɗin aikin nan, doka ba ta ba ta ikon rufe mahaƙar ma'adinai ba, ko cin tarar wani, ko umartar mutanen gari su tashi. Tata ita ce ta auna, ta rubuta, ta fitar wa kowa. Wanda ya fahimci wannan rabon aiki ya fahimci dokar.

Asalin dokar

Bayan yaƙin basasar Amurka, gwamnati ta riƙa ɗaukar nauyin tawagogi huɗu masu binciken yammacin ƙasar, ƙarƙashin Clarence King da Ferdinand Hayden da John Wesley Powell da George Wheeler. Kowace tana neman kuɗinta daban a majalisa, wani lokaci ma biyu su auna yanki ɗaya. A 1878 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta ba da shawarar a haɗe aikin wuri guda. Ranar 3 ga Maris 1879 Shugaba Rutherford Hayes ya sa hannu a kan dokar kasafin kuɗi wadda aka cusa 'yan layukan da suka kafa hukumar a cikinta. Clarence King ne shugabanta na farko, Powell ya gaje shi a 1881.

Layukan sun ɗora mata abu biyu: rarrabe filayen gwamnati gwargwadon abin da suka dace da shi, da binciken tsarin duwatsu da arzikin ma'adinai na ƙasar. Daga nan sai sharaɗin da ya fi kowanne nauyi. Shugaban hukumar da ma'aikatanta ba za su mallaki wani rabo na kansu a filaye ko ma'adinan yankin da ake bincike ba, kuma ba za su yi wa wani mutum ko kamfani awo ko bincike na kashin kansa ba.

Wannan sharaɗi yana da dalili. Masanin da ya fara gano inda jan ƙarfe ko zinariya take ya riga kowa sanin filin da zai yi tsada gobe. Idan aka bar shi ya saya, rahotonsa ya zama na ɗan kasuwa, ba wanda zai ƙara yarda da shi. Mutanen wancan zamani sun ga irin ɓarnar da ƙarya ke yi a wannan fanni: a 1872 wasu mutum biyu suka barbaɗa lu'ulu'u a wani fili a arewa maso yammacin Kolorado, suka yaudari manyan attajirai cewa mahaƙa ce, kuma King ɗin nan ne ya je wurin ya tona asirin. Har yau sharaɗin yana aiki, yana taƙaita irin hannun jarin da ma'aikacin hukumar zai iya riƙewa a kamfanonin mai da ma'adinai.

A 1962 aka faɗaɗa dokar, hukumar ta sami damar yin bincike a wajen iyakokin Amurka idan ministan harkokin cikin gida ya ga akwai maslahar ƙasa. A 1982 kuma aka cire mata sashen da ke sa ido kan haƙar mai da ma'adinai a filayen gwamnati, aka mayar da shi hukuma ta daban. Tun daga nan hannunta ya fita daga ba da izini da karɓar kuɗin haƙa.

Ruwa: inda aikin ya fi yawa, kuma inda kuɗi ya fi ba da wahala

Tashar farko ta awon kogi an kafa ta a 1889 a Embudo, a kan kogin Rio Grande a Niyu Meksiko, lokacin da majalisa ta sa Powell binciken yadda za a yi noman rani a busassun yankunan yamma. Yanzu tashoshin sun haura 11,000.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tashar ba yawan ruwa take aunawa ba. Tsayin ruwan take aunawa, yawanci duk bayan minti 15, ta tura ta tauraron ɗan'adam kusan kowace awa. Kafin tsayi ya zama "mita kaza na ruwa a daƙiƙa", sai ma'aikaci ya je kogin da kansa. Yakan raba faɗin kogin gida 25 zuwa 30, ya auna zurfi da saurin ruwa a kowane gida. Inda ruwa ke da zurfi, ana auna sauri a wuri biyu, a kashi 20 da kashi 80 cikin ɗari na zurfin, a ɗauki matsakaici. Inda bai kai kimanin ƙafa biyu da rabi ba, awo ɗaya ya wadatar, a kashi 60. A manyan koguna na'ura mai aika amo cikin ruwa ce ke yin wannan daga kwale-kwale. Idan aka tara irin wannan awo a lokacin ƙarancin ruwa da lokacin cikowa, sai a fitar da jadawalin da ke cewa tsayi kaza daidai yake da yawan ruwa kaza.

Matsalar ita ce kogi ba ya zama yadda aka bar shi. Ambaliya takan kwashe yashin ƙasan kogi ko ta jibge sabo, ciyawa ta toshe hanya, ƙanƙara ta tare ruwa ya taru a baya. Tsayi ɗaya sai ya daina nufin yawan ruwa ɗaya. Shi ya sa ake komawa kowace tasha kusan duk bayan mako shida zuwa takwas, kuma shi ya sa alƙaluman da ke fitowa nan take a intanet suke ɗauke da alamar "na wucin gadi" har sai an tantance su. Injiniyan da ya ɗora lissafin gada a kan alƙaluman wucin gadi ya yi ganganci. Wuri mafi rauni a jadawalin kuwa shi ne can sama, wurin manyan ambaliyoyi, domin ba kasafai ake samun damar auna su kai tsaye ba. Sau da yawa sai bayan ruwa ya janye ake bin alamar da ya bari a jikin bishiyoyi da bango a yi lissafi.

Ta fuskar kuɗi, doka ta ce idan hukumar za ta yi aikin ruwa ko taswira tare da wata jiha ko ƙaramar hukuma, kason da za ta biya ba zai wuce rabi ba. Hikimar ita ce wanda ke buƙatar bayanin ya sa nasa hannu. Illar kuma ita ce, ranar da abokin tarayya ya ce ba shi da kuɗi, tasha mai tarihin shekara 50 ko 80 tana iya rufewa, kuma shekarun da aka tsallake ba sa dawowa. Don rage wannan, dokar ruwa ta 2009 ta umarci a kai ga tashoshi aƙalla 4,700 waɗanda gwamnatin tarayya za ta ɗauki nauyinsu cikin shekara goma. Wa'adin ya wuce ba a cika adadin ba, saboda dokar da ta ba da umarni daban take da kasafin da ke sakin kuɗi kowace shekara.

Daga wannan dogon tarihin awo ake fitar da abin da ake kira "ambaliyar shekara 100". Sunan yana ruɗar mutane. Ba ana nufin sau ɗaya take zuwa a ƙarni ba. Ana nufin a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin ɗari ta auku. Gidan da ke irin wannan wuri, cikin shekara 30 yiwuwar ruwa ya ci shi ta kai kusan kashi 26. Hasashen ambaliya da gargaɗin jama'a kuma ba aikin USGS ba ne, na hukumar yanayi ta ƙasa ne, taswirar inshorar ambaliya kuwa ta FEMA ce, wato hukumar ba da agajin gaggawa ta tarayya. Dukansu da alƙaluman tashoshin nan suke aiki.

Girgizar ƙasa da aman wuta

Dokar agajin bala'o'i ta 1974, wadda aka gyara a 1988 ta zama dokar Stafford, ita ce tushen alhakin da aka ɗora wa hukumar na yin gargaɗi kan girgizar ƙasa da aman wutar dutse da zaftarewar ƙasa. Dokar rage haɗarin girgizar ƙasa ta 1977 kuma, bayan gyare-gyaren da aka yi mata, ta raba aikin tsakanin hukumomi huɗu: USGS da FEMA da gidauniyar kimiyya ta NSF da cibiyar ma'aunai ta NIST, wadda ke jagorantar shirin tun 2004.

Babban abin da USGS ke fitarwa a nan shi ne taswirar haɗari, wadda aka sabunta a 2023. Tana nuna irin ƙarfin jijjigar da ke da yiwuwar kashi 2 cikin ɗari a wuce shi cikin shekara 50 a kowane wuri. Taswirar ita kaɗai ba doka ba ce. Injiniyoyi ne ke ɗaukarta su shigar cikin ƙa'idojin gini, jihohi da birane su zaɓi amincewa da su. Garin da bai amince da sabuwar ƙa'ida ba yana iya ci gaba da gini a kan tsohon lissafi, hukumar ba ta da ikon hana shi.

Ba ta kuma faɗin ranar da za a yi girgiza, kuma tana bayyana hakan ƙarara. An taɓa gwadawa: a shekarun 1980 aka yi hasashen girgiza mai maki 6 za ta auku a Parkfield ta Kalifoniya kafin 1993, sai a 2004 ta zo. Abin da ake iya yi shi ne gargaɗin daƙiƙoƙi. Girgiza tana sakin igiyar motsi iri biyu, ta farko mai saurin kimanin kilomita 6 a daƙiƙa wadda ba ta cika ɓarna ba, ta biyu mai kimanin kilomita 3.5 wadda ke rusa gini. Tsarin ShakeAlert yana kama ta farko, ya ƙiyasta wuri da ƙarfi, ya miƙa wa kamfanonin waya da manhajoji su isar. An buɗe wa jama'a shi a Kalifoniya a 2019, a Oregon da Washinton a 2021. Manhajojin waya kan aika saƙo daga maki 4.5, saƙon gaggawa na gwamnati daga maki 5. Wanda ke daf da cibiyar girgizar zai iya jin ta kafin saƙon ya iso. Wannan iyaka ce ta halittar abin, ba lalacewar na'ura ba.

Duwatsu masu aman wuta kuwa cibiyoyi biyar ke sa musu ido: Hawayi, Alaska, Cascades, Kalifoniya da Yellowstone. Ƙididdigar 2018 ta lissafa duwatsu 161 masu haɗari, 18 daga ciki a sahun gaba, sannan a 2019 majalisa ta kafa tsarin gargaɗin gaggawa na ƙasa a kansu. Matakan gargaɗi huɗu ne ga mutanen da ke ƙasa, da launuka huɗu ga jiragen sama, kore da rawaya da ruwan lemo da ja, domin toka tana kashe injin jirgi. A dutsen St. Helens na jihar Washinton a 1980 masanan hukumar ne suka yi gargaɗi, amma gwamnan jihar da hukumar gandun daji ne suka shata wuraren da aka hana shiga. Dutsen ya fashe ranar 18 ga Mayu ta gefensa na arewa da ƙarfin da ya wuce iyakar da aka shata, mutum 57 suka rasu, har da masanin hukumar David Johnston.

Namun daji

Wannan reshe bai daɗe a gidan ba. A 1993 aka tattara masu binciken halittu na ma'aikatar wuri guda, a 1996 aka mayar da su cikin USGS. Manufar ita ce a raba mai ƙirga dabba da mai yanke hukunci a kanta. Dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa ta 1973 ta ce a yi hukunci bisa mafi ingancin bayanin kimiyya da ake da shi. Hukumar kifi da namun daji ce ke sa wata dabba a jerin masu kariya, USGS kuma tana cikin masu kawo bayanin.

Masu filaye sun ji tsoron binciken zai zama hanyar ɗaure musu hannu a gonakinsu, don haka majalisa ta riƙa sa sharaɗi a kasafin kuɗi cewa ba za a fara sabon binciken halittu a filin wani ba sai da izininsa a rubuce. Sakamakonsa shi ne bayanan filayen gwamnati sun fi na filayen mutane cika, kuma mai karanta taswirar yaɗuwar wata dabba ya kamata ya san da wannan giɓi.

Sa wa tsuntsayen daji zobe a ƙafa ma ba a yinsa kara zube. Ofishin da ke ba da izini da zobba masu lamba yana aiki tun 1920, bayan dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918, kuma duk wanda ya tsinci zobe ana so ya kai rahoton lambar da wurin da ranar. Cibiyar lafiyar namun daji da ke Madison a jihar Wisconsin kuma ita ke binciken gawarwakin dabbobi idan annoba ta ɓulla, kamar murar tsuntsaye da cutar farin hanci da ta kashe miliyoyin jemagu tun bayan ɓullarta a jihar Niyu Yok a 2006.

Bayanan na waye?

Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta ce aikin da ma'aikacin gwamnatin tarayya ya yi a bakin aikinsa ba shi da haƙƙin mallaka a ƙasar. Taswirori da rahotanni da alƙaluman hukumar na kowa ne, sai dai hoto ko zanen da aka aro daga wani, wanda akan rubuta sunan mai shi a ƙasa. Hotunan tauraron Landsat, da aka fara ɗauka tun 1972, a da ana sayar da guda kan ɗaruruwan daloli. Daga 2008 aka mayar da su kyauta ga kowa a duniya. Kafin rahoto ya fita, ƙa'idar cikin gida ta wajabta aƙalla masana biyu su duba shi, sannan jami'in da ba ya cikin masu binciken ya amince, kuma ba a yarda rahoton ya goyi bayan wata manufa ta siyasa ba. Rahoton yana iya cewa ruwan ƙarƙashin wani yanki yana sauka da mita kaza a shekara, ya kuma lissafa abin da zai faru idan aka rage famfo da kashi kaza. Ko za a rage ɗin, da kuma rijiyar wa za a fara da ita, wannan hukuncin jihar ne da kotunanta.