Gina Jijiyoyin Jini Domin Ƙera Sassan Jiki

Gina jijiyoyin jini reshe ne na binciken likitanci da ke neman samar da hanyoyin jini masu rassa a cikin tsokar da aka raina a ɗakin gwaji, da burin wata rana a ƙera hanta, ƙoda ko zuciya domin dashe.

Tushen matsalar tazara ce. Iskar oksijin ba ta ratsa tsoka fiye da kimanin milimita 0.2 daga jijiya mafi kusa, don haka tsoka na yin kauri sai ƙwayoyin halittar da ke tsakiyarta su mutu. Shi ya sa nasarorin farko suka tsaya kan sassa marasa kauri irin fata da mafitsara, wadda likita Anthony Atala ya ba da rahoton dasa ta ga marasa lafiya a 2006.

A 2008 Doris Taylor da Harald Ott na Jami'ar Minnesota suka wanke ƙwayoyin zuciyar ɓera kaf, suka bar kwarangwal ɗinta da hanyoyin jininta, sannan suka zuba sabbin ƙwayoyi har ta fara bugawa a raunane. An ma gwada haka da ganyen alayyafo a 2017, saboda jijiyoyinsa sun yi kama da na jini. Wata dabarar ta fi wayo: a 2012 Jordan Miller da Christopher Chen suka buga raga ta sikari da firinta mai 3D, suka lulluɓe ta da ƙwayoyin halitta, sai suka narkar da sikarin, ramukan da ya bari suka zama hanyoyin jini. Tawagar Jennifer Lewis a Harvard ta bi irin wannan hanya a 2016, ta raya tsoka mai kaurin santimita 1 har sama da mako 6.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙananan jijiyoyi, masu faɗin mikiromita 5 zuwa 10 (mikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Firinta ba ta iya buga su da yawan da jiki ke buƙata, sai dai a gina manyan, a bar ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bangon jijiya su tofo ƙananan da kansu, da taimakon furotin VEGF, wanda ke sa sabbin jijiyoyin jini su tsiro. Bayan nan dole a haɗa ginin da jinin majiyyaci ba tare da ya yi gudaji ko ya tsiyaye ba. Har yanzu ba a dasa wa mutum cikakkiyar hanta, ƙoda ko zuciyar da aka ƙera ta haka ba.