Waiwaye: Yadda Aka Sha Fama Kafin Murya Ta Zauna a Jikin Fim

In ana zancen farkon fim mai magana, sunan da ke fara zuwa baki shi ne The Jazz Singer na kamfanin Warner, wanda aka haska a New York ran 6 ga Oktoba 1927. Sai dai akasarin fim ɗin bebe ne, kuma 'yar muryar da ke ciki ba a jikin fim take ba, a kan faifai take. Ba a yi shekara huɗu ba aka watsar da wannan hanya. Abin da ya ɗore an ƙera shi ne a wurin ɗauka, da ɗakin wankin fim, da ɗakin majigi.

Tun 1913 Edison ya gwada haɗa garmaho da majigi: garmahon na kusa da allo, majigin na can baya, doguwar igiya ta haɗa su. Muryar ba ta cika zaure, kuma da igiyar ta ɗan zame sai baki ya rabu da magana. Matsalar ƙarfin murya injiniyoyin tarho ne suka warware ta, bayan sun inganta ƙwan lantarkin da Lee de Forest ya ƙirƙiro a 1906 don su ƙara wa kiran nesa ƙarfi. Dalilin da ya sa ke nan kamfanin Western Electric, mai ƙera kayan tarho, ya zama babba a harkar silima.

Tsarinsu na farko, Vitaphone, ya fito da fim ɗin Don Juan a Agusta 1926. Faifan faɗinsa inci 16, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, allura na tashi daga tsakiya zuwa baki. An zaɓi wannan gudu ne don fuska ɗaya ta kai kusan minti 11, daidai da naɗin fim mai ƙafa 1,000. Mai haskawa zai sa hoton da aka yi wa alamar farawa a bakin majigi, ya ɗora allura kan kibiyar da ke jikin faifan, moto ɗaya ya ja su tare. Muddin komai lafiya, sautin ya fi na kowa daɗi a lokacin. Amma fim na tsinkewa. In aka yanke hoto shida da suka lalace, dole a liƙa baƙin fim mai hoto shida cif a gurbinsu, in ba haka ba magana ta goce har ƙarshen naɗin. Faifan kuma yana cinyewa. A jikin faifan akwai 'yan gidaje da ake sa wa alama bayan kowane nuni, a ajiye shi in ya kai wajen sau 20. Uwa uba, faifai ba ya yankuwa, saboda haka mai tace fim hannunsa a ɗaure yake.

Ɗaya hanyar ita ce a mai da sauti haske, a ɗauki hotonsa a siririn layi gefen fim. Jamusawa uku, Engl da Vogt da Massolle, sun nuna nasu, Tri-Ergon, a Berlin a 1922. De Forest ya nuna Phonofilm a 1923, aikin Theodore Case kuma ya koma hannun kamfanin Fox a 1926 ya zama Movietone. Salo biyu ne suka tsaya. A na Western Electric, haske na bi ta tsakanin siraran ƙarafa biyu da ke buɗewa suna rufewa da motsin murya, sai layin ya fito da zane-zane, wani baƙi ƙirin, wani toka-toka, wani fari. A na kamfanin RCA, wato Photophone, ɗan madubi ne ke kaɗawa, sai iyakar baƙi da fari ta fito kamar haƙoran zarto. Majigi ɗaya na karanta duka biyun: fitila ta haska layin ta wata tsaga, ƙwayar da ke mai da haske lantarki ta karɓa a ɗaya ɓangaren.

A nan aka ci karo da babban cikas. Hoto sai ya tsaya cak a gaban fitila, a fizge shi, na gaba ya tsaya. Sauti kuwa ba ya jure ko ɗan tsaiko. Shi ya sa aka riƙa buga sautin da tazarar hoto 20 gaba da hotonsa, inda fim ya riga ya wuce wurin fizga, da 'yar lanƙwasa a tsakani mai shanye girgiza. Mai haskawa in ya yi lanƙwasar nan babba ko ƙarama, ya sauya tazarar ke nan, kuma 'yan kallo za su gani a leɓen ɗan wasa. Gudu ma aka tsayar da shi a hoto 24 a daƙiƙa, wato ƙafa 90 a minti, inci 18 a daƙiƙa. A zamanin bebe da hannu ake juya kyamara, masu silima kuma kan ƙara wa majigi wuta don a samu ƙarin nuni a dare. Sauti ya kashe wannan, domin da gudu ya sauya murya ta sauya. Ko haƙoran da ke jan fim sun zama abin lura: kowane hoto hujinsa huɗu, 4 sau 24 ya ba da 96, sai a ji karkarwa sau 96 a daƙiƙa cikin kiɗa, musamman a dogon sautin fiyano ko goge. Maganin shi ne fim ya naɗe kan ganga mai santsi da ke haɗe da faifan ƙarfe mai nauyi. Mallakar wannan dabara ta Tri-Ergon ta kai gaban Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta soke ta a 1935.

A wurin ɗauka, makirufo ba ya zaɓe. Ƙarar kyamara ta sa aka kulle ta da mai ita cikin akwati mai tagar gilashi, zafi kamar me, ba damar motsi, har aka samu rigar da ke rufe kyamarar kaɗai. Fitilun gawayi masu tsartsatsi suna huci, sai aka koma ƙwan fitila mai waya, wanda haskensa ya karkata ga ja, hakan kuma ya tilasta amfani da fim mai ganin dukkan launuka da sauya kwalliyar 'yan wasa. Haɗa murya daga baya bai kankama ba tukuna: a fim ɗin Blackmail na darakta Hitchcock, 1929, Joan Barry ce ke tsaye gefen kyamara tana magana yayin da Anny Ondra ke motsa baki. Masu son fim ɗin Indiya su sani cewa na farkonsu mai magana, Alam Ara na 1931, da dare aka ɗauki yawancinsa saboda ƙarar jirgin ƙasa kusa da situdiyon.

A ganinmu ɗakin wanki ne ya fi kowa sauyawa, ga shi ba a cika yaba masa ba. Da can mai wanki kan nannaɗa fim a katako, ya tsoma cikin tanki, ya ɗaga ya duba da ido ya ce ya yi. Ido na yafe wa hoton da ya ɗan yi duhu. Kunne ba ya yafe wa murya. A salon Western Electric, hasken da ke fita ta kwafin ƙarshe dole ya bi sawun wanda ya shiga nagetif, wato fim ɗin asali da ake buga kwafi daga shi, ba ƙari ba ragi. Ana auna wannan da gamma, wato yadda baƙi ke ƙaruwa gwargwadon hasken da ya taɓa fim, kuma ƙa'idar ita ce gamman nagetif sau na kwafi ya tashi kusan 1. Tunda kwafi tare da hoto ake wanke shi, gammansa wajen 2, dole nagetif ɗin sauti ya tsaya wajen 0.5. In ya zarce, murya ta yi kaushi ta fashe a wurin ƙarfi. Wannan ne ya shigo da injin wanki mai jan fim ba tsayawa, da kiyaye zafin ruwan magani da ƙarfinsa, da ɗan yankin gwaji da ake wankewa tare da kowane aiki a auna shi. Ruwan ma sai an riƙa motsa shi, don maganin da ya gaji kan taru daban kusa da huji, ya dawo da waccan ƙara ta 96.

Salon RCA ya fi haƙuri da wanki, amma yana da nasa ciwon. Haske kan yaɗu cikin fim, baƙi ya cike ƙananan kwaruruwan haƙoran, sai harafin "s" ya fito da tofi. Dabarar ita ce a daidaita duhun nagetif da na kwafi yadda yaɗuwar ɗaya za ta kashe ta ɗayan. Wurin liƙi kuma yakan ba da "ɓus" a lasifika, sai a shafa masa baƙin tawada mai siffar kusurwa uku, ko a huda nagetif, don haske ya ragu sannu a hankali. Rina fim da launi, wanda ya zama ruwan dare a zamanin bebe, ya ja baya, saboda wasu rinin na tare hasken da ƙwayar ke bukata.

Sai shuuu ɗin da ake ji in an yi shiru, wanda ƙwayoyin azurfa da ƙura da ƙarce ke haifarwa. A ƙarshen 1930 Western Electric ta fito da magani: in babu magana, tsagar ɗauka ta tsuke, kwafi ya yi duhu a wurin, haske kaɗan ya wuce. Saitinsa na da wuya, domin in ta yi jinkirin buɗewa sai ta cinye farkon kalma.

A ɗakin majigi, faɗin tsagar karatu wajen inci ɗaya cikin dubu ne. Lissafin a fili yake: sauti mai girgiza 9,000 a daƙiƙa, a gudun inci 18, tsawonsa inci biyu cikin dubu kacal, don haka ɗan gocewar gilashi ko ɗigon mai ya isa ya dusashe murya. In fim ya karkata gefe ɗaya a ji hujin, in ya karkata ɗaya gefen a ji layukan da ke raba hotuna suna bugawa sau 24. Layin sautin ya ci kusan ushurin inci daga faɗin hoto har ya kusa zama murabba'i, sai a 1932 hukumar masu fim ta Amurka, Academy, ta tsayar da faɗin hoto bisa tsayinsa a 1.37 bisa 1. Aka huda allo da ƙananan ramuka don lasifika ta koma bayansa. A tsakiyar shekarun 1930 sashen sauti na kamfanin fim na MGM ƙarƙashin Douglas Shearer ya fito da lasifika mai hawa biyu, ɗaya na sauti mai kauri ɗaya na siriri, aka jera su yadda za su isa kunne lokaci guda. A 1938 Academy ta sa ƙa'idar rage siririn sauti a duk gidajen silima don a ɓoye ragowar shuuu ɗin, kuma da ita aka yi ta aiki har zuwan tsarin sauti na Dolby a shekarun 1970.