Sauka da ido a filin jirgin Jidda: wa ke da alhakin wa?

Baffana ya zo Umara bara, na je tarbarsa. Tun a mota ya fara: "Ɗana, ashe direban jirgi yakan ajiye na'ura ya sauka da ido? To wa ke kula da shi?" Wani maƙwabcin kujerarsa ne ya tsegunta masa, shi kuwa hankalinsa ya tashi. Na ce, Baffa, abin da doka ne, ba ganin dama ba.

Dokar tana cikin kundin ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya wadda yarjejeniyar Shikago ta 1944 ta haifar, a littafi mai lamba 4444. A nan Saudiyya GACA, hukumar jiragen sama ta ƙasar, ce ke sa ido kan harkar. Jirgin da ya biyo na'ura tun daga Kano yana iya neman izinin ƙarasa sauka da ido idan matuƙi yana ganin ƙasa sarai, kuma yanayi ya ba shi tabbacin kaiwa titin sauka. Mai kula da zirga-zirgar jirage daga ƙasa ma yana iya kawo shawarar, amma sai matuƙi ya amince. Ba a tilasta masa.

Inda zancen yake shi ne miƙa hannu. Mutum biyu ne ke aikin: mai zaune gaban rada, na'urar hango jirage a sama, yana jera su tun suna nesa, da na saman hasumiya da ke ganin titin da idonsa. Izinin sauka da ido daga mai rada yake fitowa, amma izinin taɓa ƙasa na mai hasumiya ne kaɗai. Don haka dole na farko ya sanar da na biyu jirgin da ke tafe, sannan ya miƙa masa shi da wuri, yadda zai samu damar gaya wa matuƙi jiragen da ke kusa, ya ce masa sauka, ko kuwa tashi ka sake zagayowa. A filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, mai tituna uku jere kamar kunyoyin gona, kuskuren titi ba abin wasa ba ne.

Tazara kuma? Tana wuyan mai kula har sai matuƙin baya ya faɗa da bakinsa cewa ya hango na gabansa. Daga nan a ce ya bi shi, nauyin ya koma kansa. Idan na gaban ƙato ne, irin masu nauyin kilo 136,000 zuwa sama, kuma tazarar ta yi kaɗan, sai an gargaɗe shi kan guguwar da fikafikansa ke bari a baya, wadda kan iya jirkita ƙaramin jirgi.

Sashen da ya fi burge ni ya shafi baƙi. Dokar ta ce mai kula ya yi hattara kafin ya ba da wannan shawara ga matuƙin da bai san filin da duwatsun kewayensa ba. Lokacin aikin Hajji kuwa, jiragen haya daga ko'ina suke kwararowa Jidda da Madina, wani matuƙin ranar ce zuwansa na farko. Ga ƙura da kan taso ta rufe gari cikin ɗan lokaci. Idan titin ya ɓace masa, sai ya faɗa nan take, a ba shi wani umarnin.

Baffa dai ya ce ya ji, amma komawa kujerar tsakiya zai nema.