Shanyewar Ɓarin Jiki da Gigin Tsufa: Alaƙarsu a Binciken Ƙwaƙwalwa

Shanyewar ɓarin jiki da gigin tsufa cututtuka ne biyu na ƙwaƙwalwa waɗanda littattafan likitanci suka daɗe suna ba kowacce babinta, amma binciken da aka yi tun daga ƙarshen ƙarni na 19 ya nuna cewa jijiyar jini ce ta haɗa su. Shanyewar ɓarin jiki, wadda wasu ke kira bugun jini, tana aukuwa ne idan jijiyar da ke kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, sashen ya mutu, aikin da yake yi ya tsaya nan take. Gigin tsufa kuwa lalacewar tunani ce da ke zuwa sannu a hankali, tana taɓa tunawa da magana da lissafi da hali, har ta kai mutum ba ya iya tafiyar da al'amuransa sai da taimako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ne ke ɗauke da ita, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Cutar Alzheimer ce ke kan gaba wajen haddasa ta, sai lalacewar jijiyoyin jini ta bi mata baya.

Yadda jijiyar jini ke taɓa tunani

Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na jikin mutum ba, amma ita kaɗai ke shan kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jini ke rabawa, kuma ba ta ajiye guzuri. Da zarar babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kimanin miliyan 1.9 ne ke mutuwa a kowane minti ɗaya, bisa lissafin da likita Jeffrey Saver ya buga a 2006.

Duk wanda ya ga noman rani a ƙasan madatsar ruwa ta Jibiya ya san bambancin karyewar babbar hanyar ruwa da cushewar ƙananan magudanai. Idan babbar ta karye, fadama guda ce ke bushewa, kowa ya gani a ranar. Idan ƙananan ne suka cushe da yashi, kwami ɗaya ne zai yi yaushi nan, wani can, ba a ankara ba sai an zo girbi. Haka jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke. Toshewar babbar jijiya ita ke karkace baki ta kashe hannu da ƙafa. Ƙananan jijiyoyin da suka nutsa can ciki kuwa, hawan jini da ciwon suga suna kaurara bangonsu shekara da shekaru, sai su riƙa barin 'yan ramukan da ba su wuce milimita 15 ba, suna kuma lalata farin sashen ƙwaƙwalwa, wato igiyoyin da ke sadar da saƙo tsakanin sassanta. Mutum yana tafiya da ƙafarsa, yana zuwa masallaci da kasuwa, alhali ɓarnar tana taruwa. Wani lokaci ma wurin da abin ya faɗa ya fi girmansa muhimmanci: rami ɗaya tak a talamus, mahaɗar saƙonni da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, ya isa ya rusa tunawar mutum gaba ɗaya.

Tarihin binciken

A 1894 Otto Binswanger, malamin likitanci a Jena ta ƙasar Jamus, ya bayyana wani nau'in gigin da ke tare da lalacewar farin sashen ƙwaƙwalwa, ya danganta shi da ciwon jijiyoyin jini. Alois Alzheimer da kansa ya yi rubutu a kan wannan nau'in kafin ya gabatar da labarin majinyaciyarsa Auguste Deter a 1906, wadda aka samu dunƙule-dunƙulen wani sinadari da ake kira amiloid a ƙwaƙwalwarta. Shekaru da dama bayan haka likitoci sun tafi a kan cewa taurin jijiya ne ke hana ƙwaƙwalwar tsoho isasshen jini, shi ya sa take ruɗewa.

Wannan fahimta ta fara sauyawa a 1970, lokacin da masu bincike Tomlinson da Blessed da Roth suka auna ƙwaƙwalwar mamata a Newcastle ta Ingila, suka nuna cewa yawan naman da ya mutu sakamakon toshewar jijiya shi ke tafiya da gigin, musamman idan ya haura mililita 50 zuwa 100. A 1974 Vladimir Hachinski da abokan aikinsa suka kafa hujjar cewa ba ƙarancin jini na kullum ne sanadi ba, bugu ne a kan bugu, manya da ƙanana. Shekara guda bayan haka Hachinski ya fitar da ma'aunin da ke taimaka wa likita ya rarrabe gigin jijiya da na Alzheimer, wanda har yau ake kira da sunansa.

Sai dai rarrabewar ba ta daɗe da ƙarfinta ba. A 1986 David Snowdon ya fara bibiyar wasu mata masu zaman zuhudu na cocin Katolika a Amurka, inda 678 daga cikinsu, 'yan shekara 75 zuwa sama, suka yarda a riƙa gwada tunaninsu, a kuma bincika ƙwaƙwalwarsu bayan sun mutu. Sakamakon da aka buga a 1997 ya nuna cewa akwai waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta cika da alamun Alzheimer amma suka mutu da hankalinsu garau, alhali waɗanda suka haɗa alamun da rami ɗaya ko biyu na ƙananan jijiyoyi galibinsu sun ruɗe kafin mutuwa. Wannan aiki, a ganin mai wannan maƙala, shi ya fi kowanne sauya tunanin masana, domin ya nuna cewa Alzheimer da ciwon jijiya ba kishiyoyi ba ne, ɗaya ce ke tona asirin ɗaya. Binciken gawawwaki da aka yi daga baya ya tabbatar da cewa a cikin tsofaffi tukuf, haɗuwar biyun ta fi kowacce ita kaɗai yawa. Shi kansa amiloid yakan taru a bangon jijiyoyi ya raunana su har su fashe.

Akwai kuma nau'in gado da ake kira CADASIL, wanda masu bincike a Faransa suka gano ƙwayar halittar da ke haddasa shi a 1996. Ba shi da yawa, amma ya zama madubi ga masana saboda yana nuna ɓarnar ƙananan jijiyoyi zalla, tun mutum bai tsufa ba.

Abin da alƙaluma suka nuna

A 2009 Sarah Pendlebury da Peter Rothwell na Jami'ar Oxford suka tattara sakamakon bincike masu yawa, suka gano cewa kusan mutum ɗaya cikin goma yana da gigin tun kafin bugun farko, wani ɗaya cikin goma yana kamuwa jim kaɗan bayan bugun farko, sannan fiye da kashi ɗaya bisa uku suna kamuwa idan bugun ya maimaita. A 2019 suka ƙara da cewa tsananin bugun ne ke raba gardama: cikin shekara guda, kimanin kashi 34 cikin 100 na waɗanda suka yi mummunan bugu sun ruɗe, amma kimanin kashi 8 ne kacal cikin waɗanda nasu ya zo da sauƙi. Binciken garin Framingham na Amurka, wanda ake yi tun 1948, ya nuna cewa bugun jini yana ninka haɗarin gigin sau biyu. Na Rotterdam da aka buga a 2003 kuwa ya dubi bugun ɓoye, wanda ba a gani sai a hoton ƙwaƙwalwa, ya tarar shi ma yana ninka haɗarin fiye da sau biyu.

Binciken da aka yi a Najeriya

Tun 1992 masana a Ibadan da Indiyanapolis ta Amurka suka fara kwatanta tsofaffin Yarbawa da baƙaƙen fatar Amurka da ma'auni iri ɗaya. A 2001 suka ba da rahoton cewa sabbin masu kamuwa da gigin a shekara kashi 1.35 ne cikin 100 a Ibadan, kashi 3.24 a Indiyanapolis, kuma daga cikin bambancin da suka lura da shi har da ƙarancin hawan jini da ciwon suga da kitsen jini a wajen tsofaffin Ibadan na wancan lokacin. Rufus Akinyemi da abokan aikinsa, a wani aikin da suka buga a 2014, sun gwada majinyata a kudu maso yammacin ƙasar wata uku bayan bugu, suka tarar kusan rabinsu tunaninsu ya taɓu, kodayake waɗanda abin ya kai ga cikakken gigi ba su kai kashi 10 cikin 100 ba.

Babban binciken SIREN, wanda Mayowa Owolabi ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ya fito a 2018. Ya nuna cewa hawan jini ne ke da alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na bugun jini a yankin, cewa kusan kashi ɗaya bisa uku fashewar jijiya ce ba toshewa ba, adadin da ya fi na Turai nesa, kuma matsakaicin shekarun majinyatan bai kai 60 ba. Ma'ana, abin yana kama magidanci yana tsakiyar nemansa. Cin ganyayyaki a kai a kai na daga cikin abubuwan da aka samu suna rage haɗarin, wanda a nan zogale da rama da yakuwa ke nan.

Wani fanni da ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye shi ne amosanin jini, wato sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, kuma kimanin kashi ɗaya bisa uku na yaran da ke da ita suna yin bugun ɓoye, wanda ke bayyana a matsayin koma-baya a karatu, a yi ta yi wa yaro kallon daƙiƙi. A Kano aka gudanar da gwaje-gwajen da suka nuna cewa idan aka auna gudun jinin ƙwaƙwalwar yaro da na'ura, aka ɗora masu haɗari a kan maganin haidroksiyuriya, ana iya kare su daga bugun ba tare da dogaro da ƙarin jini na wata-wata ba.

Alamu da ganewa

Gigin jijiya ba lalle ya fara da mantuwa ba. Abin da ya fi fara taɓawa shi ne saurin tunani da iya tsara aiki. Dattijon da ya shekara talatin yana awon hatsi a kasuwar Daura, wanda ke haɗa kuɗin tiya bakwai da canji a ka kafin mai saye ya buɗe jaka, sai a ga ya tsaya yana juya kuɗi a hannu ya rasa ta inda zai fara, alhali ya san sunan kowa a rumfar har da na iyayensu. Wani raka'o'in salla ne ke rikice masa, wata kuma ta ɗora tukunya ta rasa me ke bin me. Tafiya takan koma gajeren taku kamar ƙafa ta manne da ƙasa, fitsari ya riƙa kufcewa, kuka ko dariya su zo ba dalili, mutum ya daina damuwa da abin da da yake so. Sau da yawa lalacewar tana zuwa hawa-hawa: a faɗi, a tsaya watanni, a sake faɗuwa.

A gidajen Katsina da kewaye, idan bugu ya sami mutum, hankalin iyali yakan tafi ga hannu da ƙafa da baki, a yi ta kai shi gashi, ranar da ya taka kuwa a ce Alhaji ya warke. Sauyin hali da ya biyo baya sai a ce tsufa ne, ko iska, ko sammu, a nufi wajen tofi da turare. Addu'a ba ta hana awon jini, kuma jinkirin ne ke buɗe ƙofar bugu na biyu, wanda alƙaluman Oxford suka nuna shi ya fi illa ga tunani.

Likita yana haɗa labarin da iyali suka bayar da gwajin tunani da hoton ƙwaƙwalwa, wanda akan nema a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Akan jira wata uku zuwa shida bayan bugu kafin a yanke hukunci, domin ruɗewar kwanakin farko takan washe, kuma baƙin ciki mai tsanani da sarƙewar harshe suna iya kama da gigi. Gwaje-gwajen da aka fi amfani da su, na Folstein na 1975 da na Montreal na 2005, an tsara su ne don wanda ya yi boko. Malamin da ya haddace Alƙur'ani yana rubutu da ajami zai iya faɗuwa a gwajin zana agogo lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa masu binciken Ibadan suka ƙirƙiro gwajin jera tsinken ashana, wanda ba ya bukatar riƙe alƙalami.

Rigakafi da magani

Babu maganin da ke tayar da naman ƙwaƙwalwa da ya mutu. Magungunan Alzheimer irin donefezil ɗan amfani kaɗan suke yi wa mai gigin jijiya. Ƙarfin hujja yana wajen hawan jini. Gwajin Syst-Eur na Turai a 1998 ya sami raguwar gigin da kusan rabi a cikin tsofaffin da aka sauke wa hawan jini, kodayake waɗanda suka kamu ba su da yawan da za a gina hukunci a kansu. Gwajin SPRINT MIND na Amurka, mai mutum sama da 9,000, ya nuna a 2019 cewa sauke lambar sama ta awon jini ƙasa da 120, maimakon 140, ya rage matakin farko na taɓuwar tunani da kashi 19 cikin 100. Kwamitin mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda kauce musu zai iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa, kuma da yawansu, irin hawan jini da suga da taba da ƙiba da kitsen jini da rashin motsa jiki, su ne dai sanadin bugun jini.

A aikace, wannan yana nufin awon jini tun daga shekarun tsakiya, shan magani kullum ba sai kai ya yi ciwo ba, da rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, lissafin da ya haɗa da dunƙulen miya da yajin tsire. Mai bugun zuciya marar tsari yana bukatar maganin tsinka jini. Idan kuwa baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, maganin narkar da gudan jini ana ba da shi ne cikin awa huɗu da rabi, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar toshewa ce ba fashewa ba.