Madatsar Ruwan Kainji

Kainji dam ne da ke kan Kogin Kwara a ƙasar Borgu cikin Jihar Neja, an fara gininsa a 1964 aka gama a 1968. Tun farko injina 12 aka tsara masa masu ba da wutar lantarki megawat 960, amma 8 kawai aka kafa a lokacin, ƙarfinsu megawat 760. Aikin dai shi ne a tare ruwa ya taru ya yi zurfi, sai a sako shi da ƙarfi ya juya injin, injin ya juya janareta, wuta ta fito. Tafkin da ya taru a bayansa ya kai kusan kilomita 135 har Yawuri, ya cinye tsohon garin Bussa, mutum sama da 40,000 aka tayar daga gidajensu da fadamunsu, abin da bai kamata a riƙa mantawa ba in ana lissafin amfanin dam ɗin.

Sau biyu ruwa ke cika a Kainji duk shekara. Akwai farin ruwa na daminarmu, mai laka, daga wajen Agusta zuwa Oktoba, sai kuma baƙin ruwa wanda a tsaunukan Gini aka yi shi amma sai ya ratsa Mali da Nijar kafin ya iso cikin hunturu, shi ke taimaka wa injina da rani.

To a nan matsalar take, mai neman wuta so yake tafki ya cika maƙil, mai tsoron ambaliya kuma so yake a bar wuri saboda ruwan da ke tafe, kuma dam ɗaya ne ake nema ya yi duka biyun. In an rage ruwan kafin damina ta kankama dam ɗin yana riƙe ambaliya sosai, in kuwa aka bari ya cika dole a buɗe ƙofofi don kar ya fashe, ruwan ya wuce dam ɗin Jebba ya haɗu da na Kogin Kaduna mai fitowa daga dam ɗin Shiroro, sai ka ji gonakin shinkafa na ƙasar Nufe sun nutse. A 2012 haka ya haɗu da ruwan da Kamaru ta sako daga dam ɗinta na Lagdo ta Kogin Binuwai, Lokoja ta sha ruwa, mutum sama da miliyan 2 suka bar gidajensu a faɗin ƙasar.